Aron Bel Ɗin Inna Hussaina

Ku yi mini afuwa, masu karatu. Ni ba marubuciya ba ce, ban taɓa rubuta abin da ya wuce amsar jarrabawa ba. Karatun littattafan mutane kawai na iya, a ƙuryar ɗaki, har ana yi mini faɗa wai idona zai lalace. Sau uku ina fara wannan labari ina yagewa, don a garinmu yarinya ba ta tsoma baki a sha'anin gidan manya. Amma abin ya tsaya mini a rai ya ƙi wucewa. Na canza sunayen mutanen, ban kuma faɗi sunan ƙauyen ba, yana dai can bayan Doguwa inda kwalta ta ƙare. In na yi kuskure ƙuruciya ce, in na yi rashin kunya a yafe mini.

Ranar da za a sallami Inna Hussaina daga asibitin birni, likita ya sa aka kira 'ya'yanta biyu, Balarabe da ƙanensa Uzairu, ya tsayar da su a bakin gadonta. Shekarunta saba'in da 'yan kai. Ta shekara biyu tana jan ƙafa saboda ƙashin bayanta ya goce ya danne jijiya. Yanzu an buɗe bayan, an haɗe ƙasusuwa uku wuri guda da sandunan ƙarfe biyu da ƙusoshi shida.

Likita ya dubi Balarabe ya ce, "Alhaji, kai manomi ne, ko?"

"Da noman muka buɗe ido, likita."

"To ka san auren mangwaro. In aka yanko reshe aka haɗa da wani aka ɗaure, ana jijjiga shi?"

"Wa zai jijjiga? Ai ko akuya ba a bari ta raɓe shi."

"Abin da muka yi wa Inna ke nan. Ƙarfen nan ba shi ne maganin ba, ɗauri ne kawai. Ƙashinta ne zai haɗe da kansa, kuma ƙashin tsoho ba ya sauri, ga nata ya yi taushi. Wata uku cur, kada ta sunkuya, kada ta murɗa jiki, kada ta ɗauki abin da ya fi buta nauyi. Ta kwana a gado mai tudu, ba a ƙasa ba. Wannan bel ɗin kuwa," ya ɗaga wani faffaɗan bel mai tauri da maɗaurai uku, "in dai za ta miƙe, to yana jikinta. Bayan sati shida ku dawo da ita mu ɗauki hoto."

Balarabe ya dafa ƙirji. "In sha Allahu ko tsinke ba za ta ɗaga ba."

Sai da likita ya juya zai tafi, sannan Inna ta kira shi.

"Ɗan nan, tambaya ɗaya gare ni. Zan ƙara yin salla a tsaye?"

"In aka bi doka, Inna, ina sa rai."

Wannan magana ta ƙulle a bakin zanenta ta taho da ita gida. Shekara biyu ke nan a zaune take salla, tana kallon jikoki na ruku'u a gabanta kamar ba wani abu ba.

Makonni ukun farko babu wanda zai ce gidan Balarabe bai yi ƙoƙari ba. An sayo gadon ƙarfe mai tudu da sabuwar katifa aka kafa a ɗakinta. Maijidda, matar Balarabe, ita ke ɗaura mata bel kowace safiya ta miƙa mata sanda. Uzairu ya kwana huɗu ya koma bakin aikinsa a birni hankali kwance. 'Yan dubiya kuwa har daga Falgore. Duk wanda ya zo, Balarabe zai zaro hoton bayan daga ambulan ya ɗaga shi saitin rana.

"Ku ƙirga da kanku. Shida ne."

"Ikon Allah! Alhaji ka fita haƙƙin uwa. Allah ya ba ka masu yi maka."

Ita Inna ba ƙusoshi take ƙirgawa ba, taku take ƙirgawa. Daga ƙofar ɗakinta zuwa rumbu, taku goma sha huɗu. A sati na biyu ta wuce rumbu ta kai turken awaki. A na uku ta taɓa bangon zaure ta dawo. Wata rana tana tsaye a gindin rumbu cinnaka ya gantsara mata cizo a yatsan ƙafar hagu, ƙafar da ta shekara biyu kamar ta aro. Ta yi tsaki, sannan ta tsaya cak, sannan ta fashe da dariya har Maijidda ta leƙo daga madafa.

"Lafiya, Inna?"

"Cinnaka ne ya cije ni, 'yar nan. Na ji shi! Wallahi na ji shi."

A sati na huɗu aka kawo Zulaihat daga garin Ƙofa inda take aure, da tsohon ciki, don haihuwar fari a gida ake yin ta. Ita ce 'yar farin Balarabe da Maijidda, kuma tun ranar da aka yaye ta a ɗakin Inna ta tashi. Tana shigowa ta yar da mayafi ta tsaya tana kallon kakarta.

"Kai, tsohuwa mai ran ƙarfe! Ashe ran bai ishe ki ba, sai da kika je aka ƙara miki a baya?"

"Ja'ira. Sauke wannan tulun da kika ɗauko tukuna, sannan ki zo mu gwada."

Ba a rufa sati ba ta haihu, namiji. A ranar Maijidda ta zo ta durƙusa a bakin gado.

"Inna, 'yan barka za su cika gidan nan, har da dangin mijinta. Su tarar da maijego a ƙasa, ai abin magana ne. A ara mata gadon nan, kwana bakwai ne kawai."

Inna ta dubi jaririn, jajir da shi, yana tsotsar hannu. Ta ce, "To, a shimfiɗa mini."

Aka shimfiɗa mata 'yar katifa a ƙasa. Kwanciyar da sauƙi, tashin ne aiki. Sai ta mirgina, ta rarrafa zuwa bango, ta bi shi da hannu tana hawa kamar mai hawan bishiya. Ranar suna aka raɗa wa yaro Mujitaba, aka ci aka sha. Ranar ce kuma sati shidan likita ya cika, amma wa zai bar taro ya kama hanyar birni? Suna ya wuce, babu wanda ya ƙara tayar da maganar gado, ita ma ba ta tayar ba.

Washegari ungozomar da ta yi kwana bakwai tana wankan jego ta tattara komatsanta ta tafi, wata haihuwar na jiranta a ruga. Saura kwana talatin da uku kafin arba'in, safe da yamma. Da hantsi Maijidda ta zo ta durƙusa.

"Inna, ruwa ya tafasa."

"To madalla. Ku yi maza kafin ya huce."

Maijidda ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane. "Wai da... ke muke jira."

"Ni? Ke me ya sami hannunki?"

"Haba Inna! 'Yar fari? In tuɓe ta in yi mata wanka? Ai sai a yi da ni a garin nan har in mutu. 'Yarki ce, ke kika raine ta. Ni ko sunanta ban taɓa faɗa ba."

Inna ta san wannan kunyar. Me za ta ce? Shekara hamsin da biyu ke nan ita kanta ba ta taɓa kiran Balarabe da sunansa ba, Babba take ce masa, kuma ba ta haɗa ido da shi. Ita ta koya wa Maijidda wannan kunya tana amarya, ita ta riƙa yabonta da ita a gaban mata.

"Likita ya ce kada in sunkuya."

"Ai ba sunkuyo ba ne, Inna. Ni zan juye ruwan in kai miki har banɗaki. Ganye kawai za ki yarfa mata, ko yaro zai iya."

Wanda bai taɓa gani ba shi zai ce haka. Ana ɗaure damin ganyen darbejiya, a sunkuya a tsoma shi cikin tafasasshen ruwa, a ɗago shi da nauyin ruwan, a juya a yarfa wa maijego a baya, a ciki, a cinya, a sake sunkuyawa. Haka za a yi ta yi har baho ya ƙare. Daga nan a zauna a 'yar kujera a miƙe ƙafa, a duƙa a kan jariri a gasa masa cibi. Inna ta yi ƙoƙarin ƙirga sunkuyon rana ɗaya, ta kai sittin ta bari.

Kwana uku Maijidda ta cika alkawari. A na huɗu aka shiga noman farko, ga 'yan ƙwadago goma sha biyu a gonar masara suna jiran abinci. Ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta ɗauki kwanon tuwo a ka.

"Inna, ga ruwa nan a wuta, yanzu zan dawo."

Ba ta dawo ba sai azahar. Ruwan maijego ba ya jira, kowa ya san ana cewa in ya huce jiki kumbura yake. Inna ta riƙa ɗiba da ƙwarya tana zubawa rabin bokiti, ta ja shi a ƙasa har banɗaki, ta dawo. Da aka ga ta iya, sai ya zama nata.

Bel ɗin ne kawai ya rage yana riƙe da ita. Shi ma kwanansa ya zo. Wata goggon mijin Zulaihat ta zo daga Ƙofa duba jariri, ta kalli cikin maijego ta taɓe baki.

"Wannan tumbi haka za a mayar mana da shi? Ba a ɗaure mata ciki ne a gidan nan?"

Ana ɗaurewa, da zane, amma zanen zamewa yake. Da yamma Inna ta fito daga wanka ta tarar bel ɗinta ba ya kan ƙusar da ta rataye shi. Yana ɗaure a tumbin Zulaihat, an ja maɗauran nan uku tamau, tana juyi a gaban madubi.

"Tsohuwa, wallahi kamar don ni aka yi shi. Ara mini mana. Ke wa za ki yi wa kwalliya?"

"Cire ki ba ni, ja'ira. Likita ya ce..."

"Likita bai ga tumbina ba. So kike a yi da ni a Ƙofa? Kwana nawa ne, arba'in ta kusa."

Maijidda na tsakar gida tana tankaɗe, ta sa baki ba tare da ta ɗago ba. "Inna ai ke ƙarfe ne a cikin bayanki. Wannan na wajen ƙari ne kawai."

Zulaihat ta zo ta rungume ta tana dariya, tana ƙanshin man jarirai. Yarinyar da ta goya a wannan bayan. Inna ta ɗauki tsohon zane ta naɗe, ta ɗaure ƙugunta da shi.

Daga ranar bayan ya fara magana. Da fari kamar ana soka mata allura in ta ɗago, daga baya kamar an ɗora mata garwashi. Takunta ya koma baya: daga zaure zuwa turke, daga turke zuwa rumbu. Kullum da safe Balarabe na zuwa ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ta kafin ya wuce gona. Kwana uku tana shirya maganar a ranta, ran na huɗu ta faɗe ta tana kallon bango.

"Babba, bayan nan yana ɗan taɓa ni."

"Alamar warkewa ce, Inna. Ƙarfe ne, da damina sanyi yake ja. Zan aiko da man zafi."

"Likitan nan ya ce a koma ya ɗauki hoto."

"Na sani, yana raina. Amma kin ga ruwa ya cinye hanya, mota sai an tura, wannan jijjigar ma ai illa ce gare ki. Ga ciyawa na neman cinye masara. Bari a yi arba'in, sai a haɗa tafiya ɗaya, a sauke yarinyar nan a Ƙofa a wuce da ke birni."

Idonsa ya sauka a kan zanen da ke ƙugunta, ya wuce zuwa gadon da 'yarsa ke kwance, ya dawo ƙasa. Sha'anin mata ne, kuma shi ma 'yar farinsa ce. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi.

Ran Juma'a Uzairu ya bugo waya. Shi ne auta, shi kaɗai take iya faɗa wa abin da ke ranta. Amma wayar ta Balarabe ce, shi ya riƙe ta a tsakar gida ya buɗe murya kowa na ji.

"Inna, ya jikin? Kina tattakin?"

"Ina yi, auta."

"Bel ɗin fa? Kina sa shi kullum?"

Ta dubi Maijidda, wadda ta tsayar da taɓarya. Ta dubi Zulaihat a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe ciki. In ta faɗa, Uzairu zai zo gobe, 'yan'uwa su yi faɗa a kanta, a ce tsohuwa ta haɗa 'ya'yanta a kan jikarta.

"Kada ka damu kanka. Suna kula da ni."

Ranar da maijego ta cika kwana ashirin da shida, hadari ya haɗo da hantsi. Maijidda na gona. Zulaihat ta riga ta shiga banɗaki ta tuɓe tana kira.

"Tsohuwa, yi sauri mana, ruwa zai sauko!"

Inna ta ga in ta tsaya jan rabi-rabi ruwan sama zai kashe wutar. Ta cika bokitin, ta kama da hannu biyu, ta ɗaga. Sai ta ji ƙas, kamar an taka busasshen kara, can cikin jikinta. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye bokitin, ta dafa bangon madafa, duniya ta yi duhu ta dawo. Sannan ta ja shi a ƙasa zuwa banɗaki, ta tsoma ganye ta yi wankan har ƙarshe, don ruwan kada ya huce.

"Yau hannunki ba ƙarfi," in ji Zulaihat. "Tsufa dai bai yi ba."

Da la'asar Inna ta fito alwala, ta yi taku biyar kafin ta lura takalmin hagu ya zame tun a bakin ƙofa. Ta zauna a gindin rumbu. Ƙasa ta jiƙe, cinnaku sun fito. Ɗaya ya hau yatsanta, ta zuba masa ido. Ta ga ya lanƙwashe ya kafa baki. Ta jira. Har ya gaji ya sauka ba ta ji komai ba.

Bayan kwana biyu ta tashi ta tarar shimfiɗarta a jiƙe, ba ta san sa'ad da abin ya zo ba. Ta ɓoye zanen a ƙarƙashin katifa don kunya. Ran na uku ta rarrafa zuwa bango kamar kullum, ta bi shi da hannu, ƙafafun suka ƙi binta.

Ruwa na tafasa a murhu. Maijidda ta zo ta duba ta, ta fita, ta tsaya jim a tsakar gida. Sannan ta juye ruwan, ta kai banɗaki, ta ja ƙyaure ta rufe, ta yi wa 'yarta wanka. Inna na kwance tana jin ƙarar ganye a jikin Zulaihat. Sama ba ta faɗo ba. Garin bai ce komai ba, don ba wanda ya ma sani. Haka Maijidda ta yi ta yi safe da yamma har arba'in.

"Sanyi ne ya kama ta," in ji Balarabe. "Saura kwana goma sha ɗaya, ai kamar gobe ne."

Da warin ya fara damun ɗaki, aka ce ba shi da kyau ga jariri. Aka mayar da Inna ɗan ɗakin da ake ajiye buhuna, kusa da turke.

Ranar tafiya, ana cikin loda kayan maijego a mota, Balarabe ya tuna.

"Ina bel ɗin nan? A sa mata kafin likita ya gani."

Aka kwance shi daga cikin Zulaihat aka ɗaura wa Inna. Ya saki, yana ƙanshin turaren wuta da nono. Mutum biyu suka ɗauke ta suka kwantar a kujerar baya. A Ƙofa aka sauke maijego da guɗa, cikinta shafal, goggon nan tana shafa shi tana sa albarka. Zulaihat ta leƙo ta taga.

"Tsohuwa, ki warke fa, na gaba ma ke za ki yi mini."

Uzairu na jiransu a ƙofar asibiti. A gaban idonsa aka ciro ta kamar buhu. Likita ya sa aka ɗauki hoto, ya ɗora shi a jikin fitila ya daɗe yana kallo.

"Me ta ɗauka?"

"Ko tsinke, likita," in ji Balarabe.

"Tana sa bel?"

"Ga shi nan a jikinta."

Likita ya sunkuya kusa da ita. "Inna, ke nake tambaya."

Ta dubi silin. "Ɗan wanka ne na yi wa jikata. Ni na sa kaina, ba wanda ya sa ni."

"Tun yaushe ƙafafun suka daina ji?"

"Sati biyu."

Likita ya cire tabarau ya murza ido. Ya nuna musu da biro: ƙusoshi biyu sun zare, ƙashin da ke sama ya burma, jijiya ta danne. Ya ce da a kwanakin farko aka kawo ta, da akwai abin gwadawa da ƙarfin gwiwa. Yanzu sai dai wani aikin da ya fi na farko girma, a ƙashin da ya zama kamar jiƙaƙƙen bangon ƙasa, ƙusa ba ta zama a ciki, ga shekaru, ga zuciya. Ko an yi ba zai yi musu alkawarin ƙafa ba.

A baranda Inna na jiyo muryoyinsu.

"Yaya, me kuka yi mata?"

"Kai da kake birni me ka yi? Waya? Mu muke tare da ita dare da rana. Kai ka dage a yanka ta, ga shi nan. Ƙaddara ce, Uzairu, kada ka yi saɓo."

A wannan karon ba ta tambayi likita komai ba.

Aka dawo da ita. An mayar mata da gadonta yanzu da ba mai buƙatarsa, an ɗora leda a kan katifa. Kusa da matashinta akwai wani sumul ɗin dutse da take taimama da shi. A kwance take salla, a gefen dama, da ido da yatsa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. A garinmu yau, in ka tambayi kowa me ya kwantar da Inna Hussaina, zai ce maka aikin asibiti ne. "Ba a taɓa wa tsoho baya," haka ake faɗa a majalisa, Balarabe na gyaɗa kai. Ya daina fito da hoton nan. Akwai wani dattijo, Malam Lado, da ke jan ƙafa irin yadda ta yi. 'Ya'yansa sun yi shirin kai shi birni, da suka ga Inna suka fasa. Ba wanda ya ambaci gado, ko bokiti, ko sunkuyo sittin a rana. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya zage ta, kowa durƙusawa ya yi ya roƙe ta da ladabi, kowa kuma da hujjarsa mai kyau: kunya, baƙi, ciyawa, hanya. Mutanen da ba sa barin akuya ta raɓi auren mangwaro.

Bel ɗin kuwa ya yi suna. Labarin cikin Zulaihat ya zagaye gari, masu jego uku sun riga sun ara.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Watan jiya yayata ta haihu, babarmu ta ce in je gidan Alhaji Balarabe in aro mata shi. Na je da la'asar. Gidan cike da mata ana sussukar masara ana hira, ba wadda ta kula da ni. Na ga ba daidai ba ne in wuce ban gaida tsohuwa ba, na yi sallama na durƙusa a bakin gadon. Ta rame har ban gane ta ba sai da ta yi magana.

"'Yar gidan wa? Au, mai littattafai. Aron bel aka aiko ki?"

Na gyaɗa kai.

"Yana can kan igiya, an wanke shi. Ɗauki, 'yar nan, ni na gama da shi." Sannan ta ce, "Kafin ki tafi, duba mini ƙafar nan. Ƙudaje nake ji suna kuka, ban san ko a kaina suke ba."

A kanta suke. Na kore su, na ja zane na rufe mata ƙafafun. Ta ce Allah ya yi mini albarka.

Na fito. Bel ɗin na rataye tsakanin zannuwa, maɗauran nan uku na lilo. Na tsaya a gabansa, muryar Maijidda na tashi daga cikin mata tana ba da labarin wani abu ana dariya. Ban miƙa hannu ba. Na ɗauki takalmana a hannu, na bi jikin bango ta bayan rumbu, na sulale ta zaure tun kafin wata ta ɗago kai.